Wa Ke Kulle Mani Cigiyar Dabbobi?

Malam Abdulmumini, ina gaisuwa. Don Allah ka agaza mani, abu ya sha mani kai. Na ga a filin nan naka kana ba masu ordinater, na'urar nan mai ƙwaƙwalwa, shawara, kana ba masu rikicin gida, to ni nawa ya haɗa duka biyun. A waya nake rubuta maka. Lakol ɗina bai yi nisa ba, aji huɗu na tsaya aka maida ni kiwo, in ka ga inda ba daidai ba ka gyara. Kada ka sa sunana. Sunayen da za ka gani ma duk na canza su.

Ni mutumin wajen Korahane ne. Bayan girbin bara na taho Dakoro, wani ƙaramin gidan rediyo ya ɗauke ni gwaji, don ina jin Fulatanci ta wajen inna. Aikina cigiya. Mutum ya taho ya ce saniyarshi ta ɓata, ko raƙumi, ko tumaki sun rabu da garke a hanyar rijiya, sai in zauna da shi in tambaye shi launi, da shaidar kunne, da inda aka yi mata ganin ƙarshe. In ɗauki muryata da Hausa da Fulatanci in aje a ordinater, kowace cigiya da fishiyenta, wato ɗan ma'ajin muryarta. Safe da marece ana sakin su. Ina son aikin ga, Malam. Tunda nake ban taɓa yin abin da mutane suka gode mani a kai kamar shi ba.

Wanda ya kawo ni gidan shi ne Baba Abarci, abokin marigayi babana. Shi ya yi mani magana wurin Madam Rahinatu, diraktiris ɗinmu. A zaurenshi nake kwana, tuwon gidanshi nake ci. Na faɗi haka ne don kada ka ce ban san alheri ba. Na sani. Amma alheri daban, iya aiki daban. Mutumin ga tun zamanin kaset yake gidan. Da yatsa guda yake rubutu, sai ya ɗaga shi sama ya yi ta shawagi kamar shirwa na neman ɗan tsako, kahin ya sauka kan harafi, rabin lokaci ma ba wanda yake nema ba. Suri, ɗan ɓeran nan da ake ja, da hannu biyu yake riƙe shi. In ya gama ya lulluɓe ordinater da tsohon zane kamar jinjira mai mura. Wani formasiyon na koyon aiki aka taɓa kai shi Maradi, har yau takardar shaidar na rataye a bango, ƙudaje sun gama yi mata ado. Wai wannan ne ke ce mani ɗan daji gaban baƙi, shina dariya. Ni ma sai in yi dariyar, to ya zan yi.

Ga matsalar. Fishiyoyina kullewa suke. In aje cigiya lahiya lau, in saurare ta, ta yi. Gobe ko jibi a zo sakinta, sai lojisiyel ɗin da muke watsa shiri da shi ya rubuto wani Faransanci, wai ba ni da izini. Fishiye na nan, ina ganin sunanshi da idona, amma ba ya buɗuwa, kamar ka iske rumbunka da kwaɗon wani. Kuma ba duka ba, yau wanga, gobe wancan. Da fari na ce birus ne, cutar na'ura, aka wanke ordinater, bai bari ba. Na ce ko ɗaukewar kuran ce, wutar lantarki ke nan. Sai Kamilu ya ce ba kuran ba ne, hannun mutum ne, wani ke shiga shina cire izinin buɗewa.

Kamilu ɗan yayar Madam ne, shina karatu a iniversite a Maradi, shi ya ƙera mana lojisiyel ɗin da ya zo hutu. Shi kuma nashi salon daban ne. Magana uku, biyu Faransanci. Tabarau gare shi wanda ba na magani ba. In na kira shi ba ya ɗauka, sai ya ga dama ya aiko da saƙon murya shina tauna abinci a ciki, ya yi mani bayani kamar mai koya wa jaki karatu. Mutumin da ko akuya bai iya ɗaurewa ba.

Mu uku ke taɓa ordinater ɗin, ni da Baba da Madam, kuma da kod guda, lambar sirri guda, muke shiga. Kowa ya san shi, har mai shara. Na taɓa cewa a ba kowa nashi, sai Madam ta kalle ni sama da ƙasa, ta ce gidan ga ba a taɓa ɓoye wa juna makulli ba, wa nake kira ɓarawo. To Madam ba ta da lokacin shiga dosiyena, inda nake aje cigiyoyi. Saura wa? Na kuma lura abin ya fi yawa bayan ranar kasuwa. Shi kau Baba ranar kasuwa a kara yake wuni, dillalai na kewaye da shi ana ta kuranta shi, daga can ya biyo biro, nan wurin aiki, ya zauna shi kaɗai da yatsanshi. Ni dai abin da na gani hassada ce. A da, shi ke yin cigiya. Yanzu makiyaya in sun taho yaron nan mai Fulatanci suke tambaya, su wuce shi a bakin ƙofa.

Za ka ce in tambaye shi mana. Malam, da wane baki? Mutumin da ya sa babana a kabari da hannunshi, in tsaya gabanshi in ce kai ke taɓa mani kaya? Wurinmu irinsu ko ido ba ka haɗawa da su. In na yi haka, kahin rana ta faɗi labari ya kai Korahane, inna ba za ta iya shiga taron mata ba.

Shi ya sa na roƙi Kamilu ya sa mani mai gadi cikin lojisiyel, wanda zai riƙa duba fishiyoyi, da an canza izinin guda ya sanar da ni nan take, in ga wa ke zaune. Ya ja mani rai har ya gaji, sannan ya aiko da sabon lojisiyel a kile, ɗan abin nan da ake soka wa ordinater, ta hannun wani direba, da wani maɓalli kore a gefe. Ya ce in na danna shi zai yi ta zagaya duk fishiyoyin da ke ordinater shina dubawa ba tsayawa. Ya ce abu ne mai sauƙi, ko ni zan iya. Ka ji fa, ko ni.

Ran nan da marece ina kan tebur, Baba ya tahi alwala, na sa kiɗan kalangu na cike lokaci kahin Magariba. Sai na ce bari in tada mai gadina. Na danna. Malam, ekaran, fuskar ordinater ɗin, ya ƙame. Ya yi fari kamar an watsa mashi toka, suri ya koma ɗan zobe shina ta juyawa. Na danna wurin tsayarwa, bai ji ba. Ba abin da ban danna ba. Kiɗa kau bai ƙame ba, shi tahiyarshi kawai yake. Ladanin masallacin kusa da mu ya ɗauki kiran salla, lokacin da ya kamata mu yanke ke nan, mu kau kalangu muke zuba wa Dakoro da ƙauyukanta. Sai ga Baba ya shigo, ruwan alwala na ɗiga a gemunshi, da yatsan nan nashi guda ya ja wani abu ƙasa a teburin sauti, kiɗa ya mutu. Ya juya ya tahi masallaci shina tako sai ka ce ya kashe zaki. Abin da ni ma da an nuna mani da na yi.

Waya ta yi ta ƙara har Isha'i. Da gari ya waye wani liman ya aiko a yi mana faɗa. Na sake gwada maɓallin lokacin da ba shiri, haka dai. In mai gadi na aiki ekaran ba ya motsi, sai an kashe ordinater gaba ɗaya, in an kashe kuma ba mai gadi. Na gaya wa Kamilu, ya ce ordinater ɗinmu ce tsohuwa, kuma wa ya aike ni in danna lokacin shiri. Shi da bai taɓa ce mani kada in danna ba.

Yanzu Madam ta ce saura sau guda. In ekaran ya sake ƙamewa a hannuna, ko wata cigiya ta sake ƙin fita, gwaji ya ƙare, in koma inda na fito. Ga shi akwai wadda ke ƙin fita a halin yanzu. Wani dattijo Samba daga Bader Goula, karsana ta ɓata mashi, kuma ba tashi ba ce, ta habbanaye ce, aron amana da ɗan'uwanshi ya ba shi ya riƙe har ta haihu. Ka san nauyin wanga. Sau guda cigiyar ta fita aka kulle ta. Na sake ɗauka, aka sake kullewa. Samba na tahowa ya zauna gindin bedi a ƙofar gidan, ba ya cewa komai, gaisuwa kawai. Madam ba ta san cigiyarshi ta daina fita ba tukuna. Ranar da ta sani na tahi.

To Malam, yaya ake sa ido a kan fishiye ba tare da ekaran ya ƙame ba, ko dama ba ya yiwuwa, ɗan boko ne kawai ya raina mani wayo? In kuma na kama tsohon ga, in kai shi wurin Madam, ko in tattara tabarmata in bar mashi zaurenshi tukuna? Ba ni son komawa ƙauye a ce rediyo ta koro ni.

Naka,
Baƙon Dakoro


Ɗana Baƙon Dakoro, na ji kukanka. Na ƙara sauya wasu abubuwa a wasiƙarka, domin garin da aka yi wa Magariba kalangu ba ya saurin mantuwa.

Bari in fara da na'ura, ita ce mai sauƙi. Yana yiwuwa ƙwarai, kuma ordinater ɗinku ba ta da laifi. Ko sabuwa fil aka kawo daga Yamai, da wannan maɓallin haka za ta ƙame. Aikin Kamilu aikin ganin dama ne, irin wanda ake yi wa mutumin da aka raina, kuma ɗora laifi a kan tsufan na'ura tsohuwar dabarar malalata ce.

Ka san rijiyoyin ƙasarku. Mutum ɗaya ke tsaye a baki yana karɓar guga, wani daban ke kora dabbar da ke jan igiya. Fuskar lojisiyel, wato abin da kake gani kana dannawa, ma'aikaci ɗaya ne tak ke kula da ita, kamar na bakin rijiya. Aikinsa ya ji ka danna ya amsa. Kamilu ya ɗauki wannan ma'aikacin ya tura shi cikin garke yana duba kunnen kowace dabba, in ya kai ƙarshe ya koma farko, ba ranar dawowa. Kana ta danna tsayarwa, babu kowa a bakin rijiyar. Kiɗan bai tsaya ba domin shi wani ma'aikacin ne daban ke tura shi.

Ka tura wa Kamilu wannan shafin, zai gane in ya so. Gadin ya koma hannun ma'aikaci na biyu da ke gudana a gefe, abin da masu sana'ar ke kira zare na daban, ko ma ɗan lojisiyel mai zaman kansa. Shi wannan na biyun kada ya taɓa ekaran da kansa. In ya ga canji ya aika saƙo, na bakin rijiya ya nuna maka. Zagayen ma ba dole ba ne. Tsarin da ke tafiyar da ordinater yana da hanyar da ake ce masa in an taɓa izinin wani abu a dosiye kaza ya sanar, sai mai gadi ya zauna shiru har sanarwa ta zo. Idan fishiyoyin a kile suke ko a wata ordinater da aka haɗa da taku ta rezo, sanarwar kan ƙi zuwa. Nan sai a yi zagaye, amma jefi-jefi, kuma a dosiyen cigiya kaɗai, ba duk waƙoƙin da gidan ya tara tun kafuwarsa ba. Kamilu ya sa wurin kashe gadin, kuma a gwada shi lokacin da ba a watsa komai. Kafin a yi haka, hannunka da koren maɓallin nan haihata-haihata.

Abin da zai tsare maka aikinka ma bai jira Kamilu ba. Kafin kowane shiri ka buɗe cigiyoyin ranar ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta ƙi, ka sake ɗaukarta nan take, in lokaci ya ƙure kuma baki gare ka, ga mikoro a gabanka, ka faɗe ta kai tsaye. Na yi mamakin yadda ka bar dattijo yana zaman gindin bedi kana jiran fishiye ya ba ka izinin magana. Ka tabbatar cigiyar Samba ta fita yau.

Yanzu abin da ba za ka so ji ba. Ko an gyara mai gadin ya yi kyau, abin da zai gaya maka shi ne fishiye kaza ya canza a lokaci kaza. Ba zai ce maka wa ba, tunda da kod ɗaya kuke shiga, a wurin ordinater dukanku mutum ɗaya ne. A nan kai ke da gaskiya da ka ce a ba kowa nasa kod, Madam ta yi kuskure, sai dai ka kawo maganar a siffar zargi. In ta sake tasowa ka tuna mata cewa kowa na yi wa dabbarsa shaida ba don yana kiran maƙwabcinsa ɓarawo ba. To ko da ka ga Baba zaune da idonka, me ka samu? Ka dawo kan tambayarka ta da wane baki. Ka nemi na'ura ta yi maka tambayar da bakinka ke jin nauyinta, ita kuwa ba ta san dalili ba, ba za ta taɓa sani ba.

Kana kukan raini, wasiƙarka kuwa raini ce tun daga sama har ƙasa. Kiranka ɗan daji a gaban baƙi bai dace da dattijo ba, kuma in shi ke kullewa bai gaya wa kowa ba, ya yi ba daidai ba, har ya kusa jawo maka kora. Wannan na ba ka. Amma yatsan da ka ɓata rabin shafi kana yi wa dariya shi ya kashe kalangu ran nan, lokacin da naka goma ke ta lalube. Ka ce da an nuna maka da ka yi. Ka taɓa tambaya?

Batun hassada kuwa ban saya ba tukuna. Mai hassada gogewa yake yi, ba ya kulle abu ya bar shi da sunansa. Na yi aiki da mutanen zamanin kaset. Al'adarsu ita ce in sanarwa ta gama aikinta ba a goge ta, a ware ta a kulle a durowa, don kada ta sake fita a tada hankalin mutane a banza, kuma in gardama ta taso kan dabba daga baya a sami shaida. Mutumin da ke wuni a kara shi ake fara gaya wa an ga saniyar wane. Mai yiwuwa abin da yake yi ke nan, yana ganin aikinsa ne na kullum da ba sai ya sanar da yaro ba. Mai yiwuwa kuma wani a kara ya ce masa an ga karsanar Samba, ko bisa kuskure ko da wata manufa, in kuwa da manufa ne to maganar ta wuce ta ordinater. Ban sani ba. Kai ma ba ka sani ba, ka dai yanke hukunci.

Kada ka naɗe tabarmarka, kada kuma ka kai shi gaba kafin ka ji daga bakinsa. Yaro ba ya tuhumar babba, gaskiya ne, amma ba a taɓa hana yaro neman sani ba. Ka bari ya ci ya sha ruwa, ka durƙusa ka ce kana so ya koya maka yadda ake kulle fishiye, da lokacin da ya kamata a kulle. Ba ƙarya za ka yi ba, don ba ka sani ba. Dattijon da aka nemi ya koyar ba ya iya riƙe bakinsa. Yana cikin bayani ka ambata masa, kai a sunkuye, cewa Samba na nan yana zuwa, karsana ba ta dawo ba. Idan kuskure ne, shi da kansa zai buɗe, ya kuma tuna wanda ya ce masa an gan ta. Idan ya ce bai san zancen ba kuma kullewar ta ci gaba, sai ka je wurin Madam da kanka kafin ta ji a waje, ka faɗa mata abin da ke faruwa da fishiyoyin da abin da kake yi don cigiya ta fita, ba tare da ka kama sunan kowa ba. Ba a cika korar wanda ya kawo matsala tare da maganinta ba.

Allah ya bayyana karsanar bawan Allahn nan, ya tabbatar maka da aikinka, ya sa ka gama lafiya da mai masaukinka.

Malam Abdulmumini